Fulotar Baba Aji

Baba Aji ya yi shekara arba'in da 'yan kai yana su a kogin Haɗeja, kuma da lafiya ta bar shi, ko da igiya ba a jawo shi Dutse ba. Garin da duk inda ka juya sai duwatsu da dabino, me masunci zai yi a cikinsa? To amma wata safiya yana zaune yana ɗinke taru sai hannunsa na hagu ya ƙi ɗagawa, bakinsa ya karkace. Da aka sallamo shi daga asibiti, ɗansa Suhaib bai tsaya neman shawararsa ba. Ya sa shi a mota, shi da buhun kayansa, sai unguwar Takur.

Wata huɗun farko babu mai jin muryarsa sai wajen gaisuwa. Ƙafar ta dawo, yana takawa da sanda. Hannun ne ya tsaya a rabi: yatsun suna damƙa, amma ba sa riƙe nauyi. Suhaib malamin gona ne a Ringim, in ya fita Litinin sai yammacin Alhamis. Gidan daga tsohon sai Rashida, matar Suhaib, wadda ke koyarwa a wata firamare a bayan unguwa.

Ita ce ta shigo da tankin. Wani mai kantin magani ne zai tashi, yana neman wanda zai raba shi da wani tankin gilashi mai tsawon gaba guda, ta sa aka ɗauko aka ajiye a falo kusa da taga. Niyyarta ta zuba irin jajayen kifayen nan na ado. Da ta nuna masa hotonsu a waya, Baba Aji ya kalla ya kawar da kai.

"Waɗannan ai furanni ne, 'yata. Ba kifi ba ne."

A ranar ya fi kullum magana. Ya sa ta kira masa wani tsohon abokin sana'arsa a Haɗeja, bayan kwana uku direban motar haya ya sauke wata jarka da aka yanke wa baki. A ciki akwai 'yan karfasa huɗu da ƙurungu biyu. Daga nan Baba Aji ya samu abin tashi da safe. Shi ke ba su abinci, shi ke goge gansakuka a jikin gilashi, shi ke lura da cajin ɗan injin da ke hura musu iska. Ya ari jan farcen Rashida ya ja layi a gilashin, ya ce nan ne matsayar ruwa.

Ana nan sai bazara ta kama. Duwatsun Dutse suka riƙa shan rana suna amayar da ita cikin gari, fanka kuwa in ta samu wuta sai ta ƙara kwashe ruwan tankin. Kullum safiya zai tarar ruwa ya sauka daga jan layi da kusan rabin yatsa. Sai ya tari ruwa a bokiti a famfon tsakar gida, ya bar shi ya kwana ya huce, washegari ya rataye sandarsa a wuya ya ɗauko shi da hannun dama, yana jan ƙafa, yana dafa bango da kafaɗa. Rashida ta yi magana sau biyu, ya ce mata shi da ya ja kwale-kwale a taɓo ba bokiti ne zai gagare shi ba.

Wata Laraba, Rashida tana makaranta, ruwan ya fallatsa a kan tayil. Santsi ya kwashe shi, goshinsa ya haɗu da gefen kujera. Ya fi awa guda a kwance a jiƙe, yana yunƙurawa yana komawa, kafin ta dawo ta same shi.

Abin da ya fara ce mata shi ne, "Kada ki gaya masa."

Ba ta gaya masa ba. Ƙulun da ke goshin ne ya yi bayani. Suhaib ya shigo da yammacin Alhamis, ya durƙusa ya gaida mahaifinsa, ya ɗago ya ga goshin, ya dubi matarsa, ya dubi tankin.

"Baba, tankin nan zai bar gidan nan."

"Ya je ina?"

"Ko ina ne. A ba wani. Kifin kuma a soya."

"Soya su ka ci, in ga maƙogwaron da za su bi."

Suhaib ya sassauta murya. Ya ce likita ya hana ɗaukar kaya. Ya ce nan da mako uku za a kai Baba Kano gashin ƙashi, sati biyu cur zai yi a gidan Afra'u, ƙanwar Suhaib ɗin. Rashida cikinta wata bakwai, ba ta ɗaga ko tukunya. Shi kuma yana Ringim. Wa zai riƙa zuba ruwan? In dole ne, a bari sai ya dawo ranar Alhamis ya juye bokiti biyu a wuce wurin.

"A zafin nan?" in ji Baba Aji. "Ruwa ya ragu kwana huɗu, ya yi ɗumi, ya yi kauri, sannan ka zo ka sheƙa musu sabo a ka lokaci guda? Kifi ba ya son a ba shi mamaki. Kaɗan-kaɗan ake ba shi, yadda ya tafi haka zai dawo."

"To a sa ɗan garuwa."

"Ɗan garuwa ya riƙa shigo maka falo kullum kana Ringim?"

Tsohon ya gyara zama, ya ɗora hannun dama a kan sandarsa.

"Ka ɗauko ni daga bakin kogi, ban ce komai ba. Ka ba da taruna da gorana, ban ce komai ba. Na san don ni ka yi. To wannan ɗan ruwan da bai isa a wanke akuya ba, shi kam ba za a taɓa shi ba. Na faɗa maka ke nan, ba shawara nake nema ba."

Rashida ce ta raba gardamar. Ta ce ta gani a waya, akwai na'urar da ke zuba wa tankin kifi ruwa da kanta duk lokacin da ya ragu. Suhaib ya kama maganar da hannu biyu, don ya gaji. Kafin a kira isha'i ya samo lambar wani mai sayar da kayan kifin ado a Kano.

Ranar Asabar mai kayan ya iso da kwali ɗaure da koriyar igiyar roba. Sunansa Mujahid, matashi mai fara'a da saurin baki. Ya fito da wani ɗan abu kamar ƙwayar goro ya manna a jikin gilashi daidai jan layi, ya ce wannan shi ne idon. Ya jefa ɗan famfo cikin bokitin ruwa, ya jawo siririn tiyo zuwa tanki, ya jona waya a bango. Ya ɗebi ruwa kofi uku daga tankin. Nan take abin ya yi ɗan gurnani, ruwa ya taho ta tiyo, yana taɓa idon ya tsaya cak.

"Ka gani, Baba?" in ji Suhaib. "Shi ke nan."

Baba Aji ya ce Mujahid ya sake ɗiban kofi uku. Yana ɗiba, tsohon ya miƙa sandarsa ya danne makunnin da ke bango.

"To, an ɗauke wuta. Zuba mu gani."

Mujahid ya yi dariya. "Ai Baba da an dawo da ita zai cike giɓin."

"Makon jiya kwana uku muka yi ba mu gan ta ba. Kuma a ranakun da babu ita zafi ya fi. Wannan idon naka, in gansakuka ta rufe shi fa?"

"Ana goge shi duk sati."

"In ya lalace a ciki, wa ke gyarawa a garin nan?"

Mujahid ya sosa ƙeya, ya ce gaskiya sai dai a aiko masa Kano. Amma ya rantse abu ne mai kyau, mutane da yawa suna amfani da shi lafiya lau, har ma in ya ga ya daɗe yana zuba yakan kashe kansa. Akwai kuma wani iri mai ɗan abin da ke yawo a saman ruwa maimakon ido, sai dai shi ma da wuta yake aiki.

"Babu wanda bai san wuta ba sam?"

"Akwai na da, fulota, irin ta masu gyaran famfo. Ni ba na sayar da ita. Ba na ma ba da shawararta, Baba. Ranar da ta maƙale, ɗakinka zai koma tafki."

"Fulota," in ji Baba Aji, yana juya kalmar a bakinsa. Sannan ya ce, "Cire idonka, yaro. Allah ya yi wa sana'a albarka. Ba na so."

"Baba, na riga na saya!" in ji Suhaib.

"Ka saya wa kanka. Abin da zan bar wa kifina in yi tafiya, sai wanda na san cikinsa da bayansa. Wannan ko kai ba ka san abin da ke cikinsa ba."

Haka aka mayar da kayan cikin kwali aka ɗaure, aka tura bayan ƙofa. Suhaib ya koma Ringim ranar Litinin ba tare da sun sake tayar da maganar ba.

Rashida na fita makaranta, Baba Aji ya sa babbar rigarsa da hula, ya ja ƙofa, ya taka har bakin titi. Tun zuwansa Dutse bai taɓa fita shi kaɗai ba. Ya tsayar da adaidaita ya ce a kai shi layin masu kayan famfo a kasuwa. A shago na uku ya samu Malam Maharazu, wani dattijon mai gyaran famfo ɗan Kiyawa, yana zaune yana yi wa bututu zare.

Maharazu ya ba shi benci, ya saurari bayaninsa har ƙarshe. Ya fara ɗauko fulotar tankin ban-ɗaki, mai ƙwallo kamar kan jariri. Baba Aji ya ce wannan ai ita kaɗai za ta cinye rabin wurin. Maharazu ya yi tunani, ya shiga ciki ya yi ta bincike a wani kwando, ya fito da wata 'yar ƙarama fara, wadda masu kiwon kaji ke sa wa a mazubin ruwa. Ƙwallonta bai wuce ƙwan zabo ba, yana maƙale a ɗan gajeren hannu.

"Sa bakinka nan ka hura, Baba."

Ya hura, iska ta wuce. Maharazu ya ɗaga ƙwallon da yatsa, iskar ta toshe. Ya saki, ta wuce. Baba Aji ya karɓa ya yi da kansa sau biyar, fuskarsa tana washewa.

"Wannan ai gora ne. Irin wanda muke kifa ciki a kai mu bi ruwa. Ruwa ya hau ta hau, ya sauka ta sauka. Ita nake so."

Tare suka dawo gida a babur ɗin Maharazu. Ya ɗaure fulotar a leɓen tanki, ya daidaita ta da jan layi, ya jawo siririn tiyo ta taga ya jona da bututun da ke saukowa daga babban tankin gidan na sama. Ya ce da haka Baba ya huta da bokiti har abada. Da Rashida ta dawo ta tarar da surukinta zaune gaban gilashi, fulota tana ɗigo a hankali, ɗis, ɗis, sannan ta yi shiru.

Kwana uku ruwa bai bar layi ba. Suhaib ya dawo Alhamis ya ga tiyo ta taga, ya ji labarin fita kasuwa, ya haɗiye abin da ke bakinsa.

Washegari suka tafi masallacin Juma'a su biyu, Rashida ta shiga ɗaki ta kwanta. Babban ƙurungun yana da hali: duk inda ya ga lungu sai ya cusa kansa, in ya ji matsi kuma ya baje ƙayoyinsa ya kafe. Ranar sai ya shiga tsakanin hannun fulota da gilashi, ya kafe a nan, ya danne ƙwallon ƙasa. Ruwa ya yi ta zuwa daga tankin sama babu mai ce masa tsaya.

Tun daga ƙofar gida suka ga ruwa yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofar falo. Suhaib ya banka ya shiga. Kafet ya sha ya ƙoshi, takalma suna yawo. Rashida tana tsaye ta dafe bango, zaninta a jiƙe har gwiwa, tana haki. Ta farka ne ta tako cikin ruwa, ƙafarta ta zame, Allah ya sa ta cafke hannun kujera. A haka ta lallaɓa waje ta rufe bututun. A gindin tanki ga karfasa guda a kan kafet, ta riga ta sandare.

"Da ta faɗi fa?" in ji Suhaib. "Baba, da ta faɗi a kan cikin nan fa? Saboda kifi?"

Baba Aji ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Bai dubi ɗansa ba. Ya taka cikin ruwan da sandarsa har gaban Rashida.

"'Yata, ki yafe ni. Ni na jawo miki."

"Haba Baba, babu komai. Ban faɗi ba."

Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki mataccen kifin, ya riƙe shi a tafin hannu. Sannan ya leƙa tankin, ya ga ƙurungun har yanzu a maƙale, ya zungure shi da yatsa ya fice. Ƙwallon ya taso.

Suhaib ya ce, "Gobe ko dai a sa na'urar da na saya, ko tankin ya fita. Zaɓi ɗaya."

"Laifina ne, ba na fulota ba. Kuskure biyu na yi, kuma na gan su. Na bar ta tsirara a gaban ƙurungu, ni da na san halinsa tun kafin a haife ka. Na kuma haɗa ɗan tanki da ruwan da ya fi ƙarfinsa. Ka ba ni zuwa Juma'a mai zuwa."

"Ba zan sake sa matata a haɗari ba."

"Ni ma haka. In ɗigo ɗaya ya sake taɓa ƙasa, da hannuna zan kwashe su in ba ka ka soya. Amma in ka ce gobe ne, to ka nemo motar da za ta ɗauke mu tare, ni da su, ka sauke mu Haɗeja."

"Baba, wannan ai rigima ce."

"Ita ce."

Suka tsaya suna kallon juna, ruwa yana kewaya idon sawunsu. Rashida ce ta ce, a hankali, a bar Baba ya gwada, amma da sharaɗin a cire tiyon nan daga bututun gidan yau ɗin nan. Baba Aji ya miƙa hannu ta taga ya fizge shi da kansa.

Da safe ya sa aka kira Maharazu. Mutumin ya zo yana ta ba da haƙuri, Baba Aji ya ce ya bar wannan, aiki ne a gabansu. Ya sa aka rage ruwan tanki, ya kankare tsohon layin, ya ja sabo yatsa huɗu ƙasa da baki. Ya sa Maharazu ya ciko jarkar da aka kawo kifin a ciki, ya juye ta duka a tankin. Ruwa ya hau ya tsaya saura yatsa guda ya kai baki.

"Ka gani? Ruwan da za mu ba ta kada ya wuce abin da tankin zai iya haɗiyewa. Ko ta maƙale, iyakarta ke nan."

Maharazu ya kafa 'yar kanta ta ƙarfe a bango sama da tanki, ya huda jarkar ta ƙasa ya sa mata baki, ya ɗora, ya saukar da tiyo zuwa fulota. Saura maganin ƙurungu. Maharazu ya ce a sa gwangwani mai huji, Baba Aji ya ce zai yi tsatsa. Ya ce a bar masa wannan.

Ya jawo kwalin Mujahid daga bayan ƙofa, ya kwance koriyar igiyar robar da aka ɗaure shi da ita, ya mayar da kwalin. Ya tsaga igiyar siri-siri da reza. Abin da yake so ya saƙa shi ne 'yar sankiya, irin tarkon kifin da ya saƙa ɗaruruwa a rayuwarsa, sai dai wannan ba don kifi ya shiga ba ce, don ya tsaya a waje. A da, kafin a sauke tukunyar tuwo ya gama guda. Yanzu hannun hagu ya ƙi. Ya riƙe bakin saƙar da babban yatsan ƙafa, ya ja da haƙori, ya tilasta wa yatsun hagu su danne inda ya ce. Su saki, ya mayar da su. Su saki, ya zage su ya mayar. Ranar farko abin da ya fito ya karkace kamar tsohuwar hula, ya warware. Rana ta biyu idanun saƙar suka yi faɗi, ƙurungu zai iya sa kai, ya sake warwarewa. Robar ta yanke shi a wuri uku. Rashida ta ce ya kawo ta riƙe masa gefe, ya ce ta je ta huta, wannan tsakaninsa ne da hannunsa.

Ranar Laraba da la'asar ya gama. 'Yar kwando ce zagayayya, ruwa na shiga yana fita, ƙwallon yana hawa da sauka a ciki babu abin da ke taɓa shi. Yana sa ta, babban ƙurungun ya zo ya zagaya, ya tura baki nan, ya tura can, ya gaji ya koma ƙarƙashin dutsensa.

Ranar Juma'a bayan sun sauko daga masallaci, Baba Aji ya ce Suhaib ya zauna. Ya kira Rashida ita ma. Ya ɗaga 'yar sankiyar, ya ɗaure ƙwallon ƙasa da zare da gangan, ya koma kujerarsa ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Ga ta nan ta maƙale. Jarka cike take. Kada wanda ya tashi."

Ruwa ya fara zuba. Ya bar jan layi, ya hau yatsa ɗaya, ya hau biyu. Suhaib ya dubi kafet ɗin da ko kwana biyar bai yi da bushewa ba, ya matso bakin kujera. Yatsa biyu da rabi. Rashida ta janye ƙafafunta sama. Suhaib ya yunƙura, sandar tsohon ta tare masa gwiwa.

"Na ce kada wanda ya tashi."

Can sai jarkar ta yi wani ƙugi, tiyo ya tofar da kumfa, ya yi ɗigo uku ya ƙafe. Ruwan ya tsaya yana rawa, saura yatsa guda.

Suhaib ya tashi ya je ya duba. Ya shafa bayan gilashin, ya shafa ƙasa, ya ɗaga jarkar ya ji ba komai.

"To wa zai riƙa cika jarkar?"

"Kai. Sau ɗaya a mako, ranar da ka dawo. Ka tari ruwan ya kwana tukuna. In ya fi ƙarfinka ka faɗa, in nemi wani."

Rashida ta rufe baki da mayafi. Suhaib bai yi dariya ba, amma ya ɗauki jarkar ya fita tsakar gida, suka ji ƙarar famfo.

"Kwalin nan kuma," Baba Aji ya ɗaga murya don ya ji, "ka mayar wa yaron nan. Ka ce na gode da igiya."

Sati biyun Kano sun yi masa tsawo. Gidan Afra'u a saman bene yake, ga hayaniya, ga masu gashin ƙashi da ke murɗa shi kamar wanki. Kullum bayan azahar sai ya sa Afra'u ta kira masa Rashida. Ya tambayi jikinta, sannan ya ce, "Ruwa fa?" Ta ce yana kan layi. Ya ce madalla, ya miƙa wayar. A mako na biyu ya lura tana ɗan jinkiri kafin ta yi sallama, kamar akwai abin da ta rage. Bai matsa ba.

Ranar da Suhaib ya dawo da shi, ko takalmi tsohon bai gama cirewa ba ya nufi taga. Ruwa yana wurinsa, jarka saura rabi, ƙasa a bushe. Ya ƙirga: ƙurungu biyu, karfasa biyu. Ta ukun tana can lungu bayan dutse, ta juya baya.

"Baba, ban so in tayar maka da hankali ba ne," in ji Rashida. "Yau kwananta shida ba ta ci ba. Na zuba abinci a gabanta ta ƙi buɗe baki. Ka ga maƙogwaronta ma ya kumbura. Wallahi yadda ka ce haka nake ba su."

Baba Aji ya jawo kujera ya zauna, ya kusa manna hancinsa da gilashi. Ya jira har kifin ya juyo. Ƙasan bakinta ya yi tulu, tana motsa shi a hankali kamar mai tauna. Da ta ɗan buɗe don shaƙar ruwa, ya hango wasu ƙananan baƙaƙen ɗigo suna motsi a ciki.

Dariya ta ƙwace masa, irin wadda ba su taɓa ji ba tun zuwansa gidan.

"Ba ciwo ba ne, 'yata. Goyo take yi. Haka karfasa take, a baki take riƙe ƙwanta har su ƙyanƙyashe, ba ta ci ba ta sha. Ga su can har sun yi ido. Ke da ita kusan tare za ku sauka."

Rashida ta durƙusa a hankali tana leƙe. Suhaib ma ya ajiye jakar da ke hannunsa ya matso.

"Nawa ne a ciki?"

"Sun fi ɗari. Nan da kwana huɗu za ta sake su, kuma in ƙurungun nan suna nan, kafin gari ya waye sun lashe su tas." Ya juya ya auna bangon da ke ɗaya gefen taga da ido. "Dole a raba su. A samo mai yankan gilashi ya haɗa mana wani. Ba sai ya kai wannan girma ba."

"Baba, a'a. Tanki biyu a falo ɗaya? Ga haihuwa tana tafe, ga baƙi? A'a."

"A matsar da kujerar can."

"Na ce a'a, Baba."

Tsohon ya laluba aljihun babbar rigarsa ya fito da wayarsa, ya miƙa wa Rashida.

"Nemo mini Maharazu. Ya san masu gilashi. Ki ce masa kuma ya duba kwandon nan nasa, in akwai sauran fulota ya taho da ita."